Labarin Tsara Gari a Ƙetaren Kogin Kaduna

Kowane manomi ya san burtali. In ana rabon gonaki a bayan gari, dattawa sukan ce a bar hanya tsakanin gonar wane da ta wane, don shanu su sami wurin bi zuwa mashaya. Wanda aka ɗebi gefen gonarsa ba ya jin daɗi a ran nan. Amma in damina ta faɗi, shuka ta tashi, sai ya ga amfanin abin, gama da babu burtalin nan da ta cikin dawarsa shanu za su ratsa. To, abin da ake ce wa tsara gari ɗan'uwan burtali ne. Watau tun ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, a zauna a ce nan hanya za ta bi, nan ruwan sama zai gudu, nan makaranta, nan kasuwa, nan maƙabarta, nan kuwa ba a yarda kowa ya yi gini ba. A ƙauye dagaci da dattawa sun isa su yi wannan da ido, don sun san kowa, sun san kowace gona. A babban birni ido ba ya isa. Sai an kafa hukuma, hukumar kuma ta ɗauko wanda ya koyi aikin.

Za mu ba ku labarin yadda aka yi wannan a Kaduna, musamman a ƙetaren kogi, wajen kudu. Kada wani ya ce ina ruwan mutumin ƙauye da zancen Kaduna. Barnawa da Narayi da Kakuri duk ƙauyuka ne a dā, masu gonaki da rumbuna kamar naku. Gari ne ya zo ya tarar da su.

Mafarin Kaduna

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin su Kano da Zariya da Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da gidan sarki na dauri. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwarawa, tana cikin lardin Zazzau. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi, da kuma hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta nan zuwa Kano. Soja suka fara sauka wajen 1913. A 1917 aka taso da ofisoshin Gwamnati daga Zungeru aka dawo da su Kaduna.

Turawa sun tsara garin tun farko, amma don kansu suka tsara shi. A arewacin kogi suka shimfiɗa tituna masu faɗi, suka dasa itatuwa, suka yanka manyan filaye na gidajen ma'aikatansu. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Akawuna da 'yan kasuwa da leburori aka ba su nasu wuri dabam, da ƙananan fulotai a jere.

Ƙetaren kogi fa? Can ne babbar tashar jirgi take, inda hanyar Ikko ta gamu da wadda ta taso daga Fatakwal ta Kafanchan, wadda aka gama a 1927. Ban da tasha da gidajen ma'aikatan reluwe, sauran duk daji ne da gonaki da 'yan ƙauyuka. Ba wanda ya damu ya zana musu taswira, don ba a zaci gari zai haye can ba.

Masaƙu ne suka sāke al'amarin. A 1957 aka buɗe Masaƙar Kaduna a Kakuri. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta haɗa hannu da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead, don a saƙa audugarmu a nan gida maimakon a riƙa kai ta ƙetare. Sa'an nan wasu suka biyo baya: Nortex, da United Nigerian Textiles ta wasu attajiran Hongkong, da Arewa Textiles ta mutanen Japan. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai, ita ma a Kakuri. Kafin a ce haka, samari dubbai sun cika wurin, daga ko'ina cikin Arewa har da Kudu, kowa yana neman aiki.

To, wanda ya zo neman aiki sai ya kwana. Kamfani ya gina wa injinsa ɗaki, bai gina wa yawancin ma'aikatansa ba. Sai masu gonaki na Makera da Kakuri da Nasarawa suka ga kasuwa ta buɗe. Wannan ya yanki gefen gona ya sayar, wancan ya jera ɗakunan haya goma a inda dā yake shuka masara. Ba mu ga laifinsu ba. Baƙo na bukatar ɗaki, mai gona na bukatar kuɗi, hukuma kuwa ba ta tanadi kome ba. Amma abin da ya fito daga ciki shi ne unguwanni masu cunkoso, lungu ya fi hanya yawa, ba magudanar ruwa, rijiya a nan, masai a can kusa da ita.

An ɗauko gwani

Tun a 1956 aka cire Kaduna daga ƙarƙashin En'e ta Zazzau aka mai da ita yanki mai zaman kansa, na babban birnin Jihar Arewa. A zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Gwamnati ta ga garin yana neman fin ƙarfinta. Ƙidayar 1963 ta sami mutum wajen 150,000 a Kaduna, kullum kuma jirgi da mota suna sauke wasu. Aka ce a nemo wanda tsara gari ne sana'arsa.

Wanda aka ɗauko wani Baturen Ingila ne, sunansa Max Lock. Ya riga ya yi suna a ƙasarsu, gama ya yi wa garuruwan Hull da Middlesbrough irin wannan aiki a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi wa Basra ta ƙasar Iraƙi. A 1965 shi da mutanensa suka kama aiki a Kaduna.

Watakila ku ce, ashe duk ma'aikatan Gwamnati ba mai iya ja wa gari layi, sai an ɗauko wani daga nesa an biya shi? Tambaya ce mai kyau. Ga amsa. Ma'aikacin safiyo yana auna ƙasa, ya gaya maka tsawonta da faɗinta da inda iyakarka ta tsaya. Injiniya yana gina titi da gada. Magini yana gina gida. Kowannensu abin da aka sa a gabansa yake dubawa. Mai tsara gari kuwa aikinsa shi ne ya dubi garin duka a haɗe, ya kuma dubi gaba. Shi ne zai ce, in masaƙar nan ta ɗauki mutum dubu, kowane da mata da 'ya'ya, ina za su kwana? Wane ruwa za su sha? Yaran da aka haifa bana, bayan shekara shida aji nawa za su cika? Ta wace hanya ma'aikaci zai bi da kekensa da asuba? In ba a sa wa mutum ɗaya wannan tunani ya zama aikinsa ba, kowa sai ya zaci wani ne ke yi.

Abin da ya fi burge mu a aikin Max Lock shi ne bai fara da zane ba. Da tambaya ya fara. Ra'ayinsa shi ne mai tsara gari kamar likita yake, ba ya ba da magani sai ya duba majiyyaci. Saboda haka aka yi amfani da hotunan garin da aka ɗauka daga jirgin sama, aka kuma aiki mutane suka bi unguwa unguwa suna tambaya: ku nawa ne a gidan nan, daga ina kuka zo, mene ne aikinku, nawa kuke biyan haya, ina kuke ɗebo ruwa? Aka ƙirga motoci da kekuna a kan hanyoyi. Aka duba inda ƙasa ta yi tudu, da inda ta yi kwari, da iyakar inda kogi ke kaiwa in ya cika. Sai da aka tara wannan duka, sa'an nan aka zana taswirar inda ya kamata gidaje su zauna, da masana'antu, da manyan hanyoyi, da wuraren da za a bari ba gini.

Littafin ya fito a 1967. A bangonsa an rubuta shekaru uku: 1917, 1967, 2017. Watau shekara 50 da ta wuce, da yau, da shekara 50 mai zuwa. Ku dubi nisan tunani. Mutumin da ya rubuta 2017 a bangon littafinsa ya san ba zai ga shekarar ba, ya kuwa rasu a 1988.

Sai dai littafin ya zo a mugun lokaci. An kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, aikin bai ƙare ba. A watan Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, Kaduna ta koma babban birnin jiha ɗaya tak, ta Arewa ta Tsakiya. A watan Yuli yaƙin basasa ya tashi. Gwamnatin da ta ba da aikin babu ita, wadda ta gaje ta kuwa kuɗinta kaɗan ne, hankalinta kuma yana wani wuri. Taswira ba ta gina kanta. Sai da aka kai 1971 aka kafa Hukumar Raya Birnin Kaduna don ta riƙe aikin. A 1985 aka maye gurbinta da hukumar tsara birane ta jiha duka, wadda kowa ya sani da sunan KASUPDA. Cikin shekarun nan gari bai tsaya jiran kowa ba. An buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kakuri a 1975, an buɗe matatar mai a 1980, dukansu a wannan ƙetare.

Awon igiya

Yanzu bari mu zo kan yankan fili, don nan ne gizo ke saƙar.

Fulotin da aka saba da shi a garuruwanmu ƙafa 50 ne a gaba, ƙafa 100 zuwa baya. A ce wani manomi yana da gona a bakin gari, tsawonta ƙafa 200, faɗinta ƙafa 200, watau ta kusa eka ɗaya. Dillali ya zo masa da masu saye. Suka ɗauko igiya da turaku suka auna. In ba a bar kome ba, fuloti 8 za a samu daidai: huɗu a gaba, huɗu a baya. Ku gwada a ƙasa da tsinke, za ku ga haka ne. Wannan shi ake kira awon igiya.

To, amma huɗun nan na baya, ta ina masu su za su shiga? In aka ce a ratsa hanya mai faɗin ƙafa 40 ta tsakiyar gonar, ƙasar da hanyar za ta ci ta fi fuloti ɗaya da rabi. Kuɗi ne tsaba manomin zai yi hasara, dillali kuma la'adarsa ta ragu. Wa zai yarda da haka don kansa? Sai su bar ɗan lungu na ƙafa 6 ko 8, su ce ai ya isa mutum da babur. Maƙwabcinsa mai gona ta gaba shi ma ya yi nasa awon, ya bar nasa lungu a inda ya ga dama, lungun nan biyu kuwa ba su haɗu ba. Na uku ya yi haka, na goma ya yi haka. Ba wanda ya bar filin makaranta, don wa zai ba da gonarsa kyauta yaran wasu su yi karatu? Ba wanda ya bar wa ruwa hanya. Kowane ɗayansu ya yi abin da ya fi masa riba, ba wanda ya yi niyyar mugunta, amma unguwar da ta fito ba mai sonta ko cikinsu.

Shekara biyar ta farko ba a ganin illar, don rabin fulotan ba a gina ba, ana ratsawa ta filin mutane. Ran da kowa ya ja katangarsa, ran nan ake gane an shiga uku. Mace na naƙuda da dare, mota ba ta iya zuwa ƙofar gida, sai a ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Gobara ta tashi, motar kashe wuta ta tsaya can nesa. An yi rasuwa, makara ba ta iya juyawa a lungu. Ruwan sama ya sauko daga rufin gida ɗari, bai sami inda zai bi ba, sai ya shiga ɗakin wanda ya fi kowa kwari. Masai da rijiya suna kusa da juna, ciwon ciki ba ya barin yara. In hukuma ta zo daga baya za ta kawo famfo ko ta yi titi, dole sai ta rushe gidan wani, a biya diyya, a yi ta shari'a. Hanyar da dā za a samu da jan layi kawai a kan gona, yanzu sai an kashe dukiya mai yawa kafin a same ta.

Awon hukuma dabam yake. Kafin a sayar da fuloti ko ɗaya, sai a kai taswirar filin duka ofis. Mai tsara gari ya duba ko hanyoyin da aka zana sun kai faɗin da doka ta ce, ko sun haɗu da hanyoyin filin da ke maƙwabtaka, ko an bar wa ruwa mabi har ya kai rafi, ko an ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa da wuraren ibada gwargwadon yawan gidajen. Zai duba kada fuloti ya faɗa ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan bututun mai, ko cikin fadamar da kogi ke malalowa. In taswira ta yi daidai, a sa mata hannu da lamba. Sa'an nan ma'aikatan safiyo su je su kafa turakun siminti a kusurwar kowane fuloti, kowane turke da lambarsa. Ko da wani ya tumɓuke turken da dare, lambar na nan a littafin ofis, ana iya mai da shi inda yake.

Mai gona zai sami fuloti kaɗan bisa ga na awon igiya, wannan gaskiya ne. Amma fulotin da ke bakin hanya ya fi na cikin lungu tsada, sau da yawa kuwa abin da ya rasa a yawa yakan same shi a daraja.

Ƙasa ta wa ce?

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, sai ran da magana ta kai kotu. Tun 1910 dokar Turawa ta ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna ne, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Majalisar Jihar Arewa ta sabunta wannan a 1962. A 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka yi dokar ƙasa wadda ta game Nijeriya duka, ita ce kuma ke aiki har yanzu. Ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. A cikin birni Gwamna ne ke ba mutum izinin riƙe fili, ya ba shi takardar shaida, yawanci na shekara 99 in gidan zama ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izini bisa al'ada. Wanda ke da takardar Gwamna ba ya sayar da filin ko ya jinginar sai da yardar Gwamna. In kuma Gwamnati na bukatar wurin don aikin jama'a, tana iya karɓa, ta biya diyyar gini da itatuwa da amfanin gona.

Saboda haka takardar da dillali ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu suka dangwala, tana nuna ka biya kuɗi ne. Tana da amfaninta, kada ka yar da ita. Amma ba ta nuna hukuma ta san da fulotin ba, ba ta kuma hana a ce maka gobe nan hanya ce. Izinin gini shi ma takarda ce dabam. Mutum na iya mallakar fili da shaidarsa, amma in ya tā da gini ba a duba zanen gidan ba, a zo a shafa masa jan fenti a bango. A Jihar Kaduna, tun daga 2015 rajistar filaye da ba da takardar shaida suna hannun wata hukuma mai suna KADGIS, wadda ke ajiye taswirar filaye a cikin kwamfuta. Izinin gini kuwa a wurin KASUPDA ake nema.

Matsalar ƙauyen da ke bakin gari ita ce, yau yana karkara, gobe a wayi gari an sa shi cikin iyakar birni, dokar da ke kansa ta sāke, mutanen ciki kuwa ba wanda ya zo ya karanta musu.

Abin da ya faru daga baya

Ƙetaren kogi ya ci gaba da cika. A watan Fabrairu 2000, da kuma Nuwamba 2002, an yi mummunan rikici a Kaduna, rayuka da yawa suka salwanta. Bayan haka mutane suka riƙa ƙaura don neman inda za su kwana da ido biyu rufe: Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Wanda tsoro ya koro ba ya jiran taswira. Sabon Tasha, da Narayi, da Unguwar Romi, da Gonin Gora suka faɗaɗa cikin 'yan shekaru, yawanci da awon igiya. A daidai lokacin nan kuma masaƙu suka soma mutuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, wasu suka bi ta. Ma'aikacin da aka sallama, in yana da ɗan fili, sai ya raba shi biyu ya sayar da rabi don ya ci abinci. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya koma 50 da 50, wani ma ya fi haka ƙanƙanta.

Da tudu ya yi tsada, sai aka gangara fadama. Da rani wurin a bushe yake, ga arha, dillali kuwa ba da damina yake kai mai saye ba. A 2003 kogin Kaduna ya cika ya shiga gidaje masu yawa a gaɓoɓinsa biyu. A 2015 ya sāke yin haka. Kogi bai yi wa kowa shisshigi ba, makwancinsa ne na tun fil azal, taswirar masu tsara gari kuwa ta riga ta nuna shi.

An kuma sha rigima kan filayen da Gwamnati ta ce ta ware tun da daɗewa, amma ba ta kewaye ba, ba ta gina ba, har mutane suka saya hannun masu gonaki suka yi gidaje. A 2016 an yi irin wannan gardama kan unguwar da ake kira Gbagyi Villa. Gwamnatin jiha ta ce filin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne, mazauna suka ce da guminsu suka saya suka gina, magana ta kai gaban alƙali.

A nan sai mu faɗi ra'ayinmu. Ana yawan ɗora wa talaka laifi, a ce shi ne ba ya bin doka. Mu a ganinmu hukuma ma tana da nata kaso. In fulotan awon hukuma ba su isa ba, in samun takarda na cin watanni da kuɗin da lebura ba shi da su, to, mutum ba zai kwana a titi da iyalinsa ba, wurin dillali za shi. In kuma ma'aikaci ya ga ana aza harsashi bai yi magana ba, sai da aka yi rufi aka tare, aka haifi 'ya'ya a gidan, sa'an nan aka zo da motar rusau, wannan ba tsara gari ba ne. Hana gini tun yana harsashi ya fi sauƙi ga kowa. Ga kuma wata wahala: birnin Kaduna ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu, watau Kaduna ta Arewa, da Kaduna ta Kudu, da Chikun, da Igabi. Yawancin sababbin unguwannin ƙetare suna cikin Chikun ne. Titi da ruwan sama ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba, shi ya sa ake bukatar hukuma ɗaya mai duban garin duka.

Gwamnatin Jihar Kaduna ta sāke kiran magadan aikin Max Lock su duba tsohon littafin, suka fito da sabon tsari a 2010, wanda ya hango har 2050. Yanzu kuma ba sai an je Ingila neman gwani ba. Ana koyar da tsara gari a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, reshenta mai wannan karatu kuwa a Barnawa yake, a nan ƙetaren kogi. Tun 1988 akwai majalisar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, don kada kowa ya tashi ya ce shi mai tsara gari ne.

In gari ya matso kusa da ku

Alamar ba ta ɓuya. Za ku ga baƙi da motoci ran Asabar suna zagaya gonaki, za ku ji ana taya eka da kuɗin da ba ku taɓa ji ba. A lokacin nan ne ya kamata masu gonakin da ke maƙwabtaka su zauna tare da dagaci, tun ba wanda ya sayar. In mutum goma suka haɗa gonakinsu aka yi musu taswira ɗaya, hasarar hanya da filin makaranta sai ta rabu a kansu duka, ba ta faɗa kan mutum ɗaya ba. Su nemi mai tsara gari mai rajista ya zana, su kai ofis a sa hannu. Su kuma tuna da maƙabartarsu da filin da yaransu ke wasa, a sa su cikin taswirar da sunansu, gama abin da ba a zana ba shi ake fara sayarwa. Kada kuma a sayar duka. Kuɗin fili yakan ƙare cikin shekara biyu, 'ya'ya kuwa suna nan suna girma, su ma za su nemi inda za su kafa gida.

In kai ne mai saye, je ka ga filin da idonka, cikin watan Agusta in da hali, bayan an yi ruwa mai yawa. Tambayi tsofaffin wurin iyakar inda rafi ke kaiwa. Nemi turakun siminti a kusurwoyi huɗu, ka rubuta lambobinsu. Tambayi mai sayarwa lambar taswirar da fulotin yake ciki. In ya ce babu, ka san awon igiya ne. In ya ba ka lamba, kada ka biya tukuna. Ɗauki lambar ka tafi ofishin filaye, ka ce a duba maka sunan wa ke kan fulotin nan, da ko an ware wurin don wani aiki. Takardar ciniki kuma ka karanta ta da kanka tun daga sama har ƙasa, ka ga an rubuta tsawo da faɗi, da sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da faɗin hanyar da ke gaban fulotin, kafin ka sa hannu.